Gargaɗi ga masu rubuta manhaja: buhu ba ya shiga mudu

Duk wanda ke rubuta manhaja da Java, ko Kotlin, ko C#, ko C++, kuma manhajar tasa tana riƙe da kuɗin mutane, ko lissafin lokaci, ko lambar shaida, ya ajiye abin da ke hannunsa yau ɗin nan ya buɗe rubutunsa. Ya bi shi layi-layi yana neman duk inda ya juye lamba daga babban ma'auni zuwa ƙarami. Wanda kuma shi ba ya rubutawa, kwangila ya bayar aka rubuta masa ta shago, ko ta makaranta, ko ta asibiti, ko ta ƙungiyar adashi, ya kira yaron da ya yi masa aikin ya karanta masa wannan takarda a kunne. Kada a ce sai an sami sarari.

Ga lambar da nake so kowa ya haddace: 2,147,483,647. Nan ne iyakar ma'aunin da ake kira int a Java da C# da Kotlin. In kuɗi kake lissafawa da kobo, kamar yadda wasu hanyoyin biyan kuɗi ta intanet ke buƙata a Nijeriya, wannan lamba naira 21,474,836 ce da kobo 47. Miliyan ashirin da ɗaya da 'yan kai. A da kuɗi ne mai ban tsoro. A yau ɗan kasuwa guda na iya kashe fiye da haka a sarin kaya na safiya ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, kiran waya ne da na samu wani dare bayan sallar isha'i daga ma'ajin wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi. Dattijo ne, ba mai yawan magana ba, amma a ranar muryarsa na rawa.

"Malam, kwamfuta ta ce bin mu bashi ake yi."

Na ce, "Alhaji, bashin nawa?"

Ya karanto mini: naira 21,449,672 da kobo 96, da ɗan karan ragi a gabanta. Alhali ranar ce zubin mambobi ya cika naira 21,500,000 cif, yana nan a banki ba a taɓa ko sisi ba. Kafin ya kira ni har an fara kallon sakataren ƙungiya a kaikaice, wani ma ya ce a kira 'yan sanda tun mutumin bai gudu ba. Washegari muka zauna da matashin da ya rubuta manhajar. Yaro ne mai ƙoƙari, ya ma yi abin da ya dace a rumbun bayanai, domin ya ajiye kuɗin a babban ma'auni. A shafin da ke nuna jimla ne ya yi tuntuɓe. Na nuna masa layin, na ce me ya kai shi juye jimlar cikin int. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Malam, ni dai jan layi na gani a ƙarƙashin rubutun, na danna shawarar da aka ba ni, jan layin ya ɓace." Wata takwas manhajar na aiki lafiya lau, saboda kuɗin bai kai bakin mudun ba.

Bari in warware wa wanda bai san kan abin ba. Waɗannan harsuna, duk da cewa an gina su a kan azuzuwa da abubuwa, a can ƙasa suna da wasu ma'aunai na asali waɗanda kowace lamba sai ta zauna a cikin ɗayansu. A Java, byte gurbi 8 ne, yana ɗaukar daga -128 zuwa 127. Short gurbi 16, iyakarsa 32,767. Int gurbi 32. Long gurbi 64, shi ne buhun, yana ɗaukar lamba mai alƙaluma 19. Sai float da double, masu ɗaukar lamba mai ɗigo. In ka juye gwangwani cikin mudu, ko mudu cikin buhu, ba mai tambayarka. In za ka juye buhu cikin mudu, sai kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutunka zuwa yaren inji, ta tsayar da kai da jan layi. Hanyar wucewa mafi sauƙi ita ce: ka rubuta sunan ƙaramin ma'aunin cikin baka a gaban lambar. Wannan ɗan rubutun sa hannu ne. Ma'anarsa, na ji, na gani, na ɗauki alhaki, a daina yi mini magana. Daga ranar kuwa ba za a sake yi maka magana ba.

Misalin mudun ma yana da inda ya gaza, kuma a nan haɗarin yake. A kasuwa in ka zazzage buhu a mudu, hatsi zai zube a ƙasa kowa na kallo, mudun kuma zai cika fal. A cikin inji ba abin da ke zubewa a ga. Gurabun sama ake datsewa a yar, a bar na ƙasa, kuma gurbin da ya rage a can ƙarshe shi ke faɗin ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa. Shi ya sa 200 in aka tura ta cikin byte take fitowa -56, 40,000 a cikin short ta koma -25,536, biliyan 3 a cikin int ta zama -1,294,967,296. Waɗannan ma da sauƙi, don karan ragi kan tayar da hankali a bincika, kamar yadda ya tayar da na Alhaji. Wadda nake tsoro ita ce irin 300, da ke fitowa daga byte a matsayin 44. Ba kara, ba alama, lamba ce kamila mai kama da gaskiya. Buhu 300 sun koma 44 a takardar sito, sai a kama mai gadi.

Kada wani ya ce wannan kuskuren 'yan koyo ne. Ranar 4 ga Yuni, 1996, a Kuru da ke Giyana ta Faransa, Turai ta harba sabuwar rokarta Ariane 5 karo na farko, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya da ake kira Cluster. Ba ta cika daƙiƙa 40 sosai ba ta karkace, ta kakkarye, ta tarwatse a sama, a nisan kamar mita 3,700. Dukiyar ɗaruruwan miliyoyin dala ta zubo cikin fadama. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya bi diddigi har ya isa wani layi a manhajar da ke gaya wa rokar inda ta dosa, rubutacciya da harshen Ada. Layin yana ɗaukar wata lamba mai ɗigo mai gurbi 64, wadda ke da alaƙa da gudun rokar a kwance, ya juye ta cikin ma'auni mai gurbi 16. Ta wuce 32,767, ta ƙi shiga.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a labarin shi ne injiniyoyin sun san da haɗarin. Sun gano wurare bakwai da irin wannan juyi zai iya ɓaci, suka kare huɗu, suka bar uku, saboda suna tattalin ƙarfin kwamfutar kada aikinta ya wuce kashi 80 cikin ɗari, kuma lissafi ya nuna musu lambobin ba za su taɓa kaiwa iyaka ba. Lissafin nasu daidai ne, amma ga tsohuwar roka, Ariane 4, wadda aka rubuta manhajar dominta, ta kuma yi ta tashi lafiya shekara da shekaru. Sabuwar tana tara gudun kwance ninki biyar fiye da tsohuwar. Ga shi kuma sashen da ya jawo masifar ba shi da wani amfani ga Ariane 5 bayan an bar ƙasa, gado kawai aka ci aka bar shi yana aiki. Kwamfutocin biyu ne, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, to amma rubutu iri ɗaya ne a cikinsu. Ta ko-ta-kwanan ce ma ta fara mutuwa, ɗayar ta bi ta cikin ƙiftawar ido. Saƙon koken da ta aika, babbar kwamfutar rokar ta ɗauke shi a matsayin bayanin hanya, ta murɗa bakin injuna har ƙarshe.

To, mu namu Ariane 5 ɗin ita ce naira. Manhajoji da yawa da ke aiki a shaguna da makarantu da ƙungiyoyi an rubuta su ne lokacin da miliyan 21 ke da nisa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kayan da ke cikin shago ba su ƙaru ba, alƙaluman da ke wakiltarsu ne suka kumbura. Rubutun da ya yi shekara biyar bai taɓa ba ka kunya ba, wannan ba shaida ba ce cewa lafiyarsa ƙalau. Wataƙila dai lambar ce ba ta iso ba tukuna.

Wannan ke nan game da lambar da ta fi ƙarfin ma'auni. Akwai kuma ɓarnar guntu. In ka juye lamba mai ɗigo cikin int, ba a kai ta ga cikakkiyar lamba mafi kusa, yanke wutsiyar ake yi. 3.99 ta zama 3. Kana iya cewa ai ka sani. To ka san cewa a double, naira 4.35 sau 100 ba ta ba da 435? Abin da take bayarwa 434.99999999999994 ne, saboda inji da lissafin bibbiyu yake aiki, kuma yawancin guntayen da muke rubutawa bayan ɗigo ba su da mazauni cif a cikinsa. Ka juye wannan cikin int, ka sami kobo 434. Kobo guda ya tafi. Wa zai yi shari'a a kan kobo? Kasuwar hannun jari ta Bankuba a Kanada ta ba da amsa. A 1982 ta buɗe sabon ma'aunin darajar hannayen jari daga 1,000. Duk sanda aka yi ciniki sai a sake lissafi, a datse abin da ya wuce alƙaluma uku bayan ɗigo, sau dubbai a rana. Zuwa Nuwamba 1983 ma'aunin na nuna 524.811, mutane na ta mamakin yadda kasuwa ke ci amma lamba na ramewa. Da aka sake lissafin yadda ya kamata, sai ga shi 1,098.892. Rabin ya tafi a tsintar guntaye.

Har juyin da aka ce ba shi da laifi, na ƙarami zuwa babba, yana da rami a ciki. Java za ta bar ka ka zuba int cikin float ba tare da jan layi ba, alhali float ba ya iya riƙe kowace cikakkiyar lamba sai zuwa 16,777,216. Ka ba shi 16,777,217, ya mayar maka da 16,777,216. A kobo, wannan naira 167,772 ce da kobo 16, wadda ko kuɗin makarantar zango ɗaya kan wuce ta a wasu wuraren. Daga nan yake fara tsallake lambobi, kuma takun nasa ƙara faɗi yake yi: a wajen kuɗin ƙungiyar su Alhaji, kowane taku kobo 256 ne. Double ya fi shi nisa sosai, amma shi ma ya gaza long, domin daga 9,007,199,254,740,992 yake fara tsallake. Dalilin da ya sa Twitter a 2010 ta fara aika lambar shaidar kowane saƙo a matsayin rubutu ke nan, don JavaScript double kawai ta sani a lokacin, tana ɓata alƙaluman ƙarshe.

Mafi munin labarin guntu ya faru ne a Dahran ta Saudiyya, ranar 25 ga Fabrairu, 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha. Na'urar kakkaɓo makamai ta Amurka, Patriot, tana ƙirga lokaci da cikakkun lambobi, kowace lamba kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ta juye ƙirgen zuwa lamba mai ɗigo a ma'auni mai gurbi 24. Kowane juyi na yar da ɗan abin da ido ba ya gani. Bayan kimanin awa 100 a kunne, agogon ya kauce da sulusin daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin makami mai linzami na Scud yana cin fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda babu shi, ta ƙyale shi, ya faɗa barikin sojoji ya kashe 28. Gyararriyar manhajar ta iso washegari.

Sannan akwai wuraren da juyin ke faruwa ba ka ma sa hannu ba. A Java alamar += tana ɗauke da juyin dole a ɓoye: ka ƙara lamba mai ɗigo, ko long, a kan int ta wannan hanya, za ta datse ta shiru, ba jan layi. Wani wurin kuma da na sha kama mutane: suna son sanin guntayen daƙiƙa, na kashi ɗaya cikin dubu, nawa ne a kwana 30, sai su rubuta 30 sau 24 sau 60 sau 60 sau 1,000, su zuba amsar cikin long, hankalinsu kwance tunda buhu suka tanada. Ina! Lissafin a int aka yi shi, ya riga ya kife tun a hanya. Maimakon 2,592,000,000, abin da zai iso buhun -1,702,967,296 ne, sai ka ga rajistar wata guda ta ƙare tun kafin a saye ta. Harafin L guda a bayan lambar farko ya isa ya hana wannan. Haka raba 7 gida 2: in duka biyun int ne, 3 za ka samu, ko da double ka tara a ƙasa.

Ina roƙon ku da babbar murya, ku daina zuba lambar waya, da lambar asusun banki, da BVN, da NIN cikin ma'aunin lissafi. Ba a tara su, ba a raba su, suna ne kawai da aka rubuta da alƙaluma. Lambar wayar Nijeriya alƙaluma 11 ce mai farawa da sifili, kana mayar da ita lamba sifilin ya faɗi, abin da ya rage kuma ya fi ƙarfin int. Lambar asusu alƙaluma 10 ce, wata za ta shiga, wata ba za ta shiga ba, ya danganta da abin da ta fara da shi, don haka gwaji da asusunka kaɗai ba zai nuna maka komai ba. Kamfanin Microsoft da kansa ya taka irin wannan sawun: ranar 1 ga Janairu, 2022, wasiƙun imel suka maƙale a na'urorin Exchange a faɗin duniya, saboda wata lamba da aka ƙera daga kwanan wata, 2201010001, ta ƙi shiga ma'auni mai gurbi 32. Muddin shekarar na farawa da 21 tana shiga. Ana shiga 22 ta tsaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kada kuma ku ɗauki al'adar wani harshe ku kai wani. A Java, double da ta fi ƙarfin int ba ta kifewa, a bakin iyaka take tsayawa, ta ba ka 2,147,483,647 kamar ita ce amsar. A C++ irin wannan juyin ba shi da hukunci ko kaɗan, ƙa'idar harshen ta ce komai na iya faruwa. A C#, juyin dole na mayar da 3.5 ta zama 3, Convert.ToInt32 na mayar da ita 4, amma 2.5 ya mayar da ita 2, don shi wajen lamba mai rabuwa biyu yake karkata, yayin da Math.round na Java ke kai 2.5 zuwa 3. In manhajar waya da ta ofis ba harshe ɗaya ba ne, rasit da littafin kuɗi za su iya saɓawa alhali kowanne yana bin ƙa'idarsa. Kotlin ta fi tsanani, ba ta juye ko da int zuwa long sai ka ce, amma toInt ɗinta yana datse long shiru kamar na kowa.

Maganin ba tsada gare shi ba. Kuɗi ya zauna a long da kobo tun daga rumbun bayanai har zuwa allon da mutum zai gani, ko a BigDecimal a Java, ko decimal a C#. Float da double ba su da hurumi a aljihun mutane. Inda ya zama dole a ƙanƙanta lamba, a yi da abin da ke kuwwa in ta ƙi shiga: Math.toIntExact, addExact da multiplyExact suna nan tun Java 8 ta 2014, C# na da kalmar checked, C++ kuma tun 2011 tana ƙin juyin ƙanƙantawa in ka ba da lambar cikin lanƙwasassun baka. Sai dai ku tuna, manhajar Ariane ta yi kuwwa. Abin da aka tsara mata ta yi bayan kuwwar shi ne ta kashe kanta, roka na tsakiyar tafiya. Saboda haka ku yanke shawara tun yanzu me za a yi in ƙararrawar ta kaɗa: a ƙi karɓar cinikin, a gaya wa mai amfani dalili da yaren da zai gane, a rubuta abin da ya faru inda za ku gani.

Masu ajiye lokaci da daƙiƙoƙi a int, ku ma kuna da ranarku a rubuce: 19 ga Janairu, 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya da Nijar. Daƙiƙoƙin da ake ƙirgawa tun farkon 1970 za su cika mudun a lokacin, agogo ya koma 1901. Kuna ganin da sauran nisa, amma takardar filin da za ta ƙare nan da shekara 20, ko ranar ritayar ma'aikacin da aka ɗauka bana, sun riga sun tsallake ta.

Malamai masu koyar da wannan fanni a jami'o'i da kwalejoji, darasin juye lamba ba na minti goma ba ne da za a wuce a mako na biyu. Ku sa ɗalibi ya tura 300 cikin byte da hannunsa ya ga 44 da idonsa. Masu ba da kwangila kuma, ba sai kun iya karanta rubutun ba. Ku sa a buɗe muku kwafin gwaji, ba na ainihi ba, ku shigar da cinikin naira 21,474,837, ku duba abin da zai fito a rasit, a jimlar rana, a rahoton wata. Ku shigar da kaya na naira 4.35 ku ga ko kobon ya cika. Ku shigar da lambar waya ku ga ko sifilin farko na nan.

Gyaran manhajar su Alhaji bai ci minti biyar ba, kalma ɗaya aka canza a layi biyu. Da muka ci gaba da dubawa, sai muka tarar da irin wannan juyin a wasu wurare shida, ɗaya a lissafin rabon riba na ƙarshen shekara. Sakataren kuwa ya ci gaba da zuwa taro, amma tun daga ranar ya ce a nemi wani ya riƙe littafin.